Idan Gero Ya Fi Ƙwarya

Duk manhajar da ke neman bayani daga tsarin kwamfuta sai ta ware masa wuri a ma'ajiya, kamar yadda mai sayen gero ke miƙa ƙwaryarsa. To, idan geron ya fi ƙwaryar fa?

Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, aka ga amsa. Robert Morris, ɗalibin Jami'ar Cornell a Amurka, ya saki wata mugunyar manhaja mai yaɗa kanta. Cikin ƙofofin da ta bi har da fingerd, wadda ta ware bayit 512, tana karɓar saƙo da gets, umarnin da ba ruwansa da girman wuri. Aka aika mata bayit 536, rarar ta malala, na'ura ta faɗa hannun baƙo. Dubban kwamfutoci suka kasa aiki.

Sai a 2011 aka cire gets daga ƙa'idar yaren C. Amma har yau umarnan Linux kowanne da halinsa: in wuri ya gaza, getcwd zai ƙi aiki ya nuna kuskuren ERANGE, readlink kuwa sai ya datse bayanin bai ce uffan ba. Shi ya sa dole littafin jagora ya fayyace halin kowanne, don mai rubuta manhaja ba ya duba.