Motar otomatik: idan robobin giya sun mutu

Da yawa daga cikin motocin da 'yan uwa ke aikowa gida daga waje otomatik ne, irin su Toyota Corolla da Camry. Daɗin tuƙi gare su, amma gyaran giyarsu ba na kowane garaji ba ne.

Mutane na cewa otomatik ba ta da kuloci, wato ambarayaj. Tana da shi, a cikin akwatin giya yake. Faifai ne sirara jere a kan juna, kuma man giya ke tura fistan ya matse su. Kowane fistan na da roba zagaye da shi mai tare man. Idan robar ta bushe ko ta tsage, man ya sulale, faifan ba su kamawa. Sai ka sa D da safe mota ta yi jinkiri kafin ta ɗauka, ko ka taka totur inji na kuka mota ba ta gaba.

Zafi ke kashe robobin nan. Man giya na aiki daidai a wajen digiri 80, ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke wuce 40 a yankin Maraɗi. Hanyoyin yashi irin namu na Sarkin Yamma sun fi komai cin giya: mota ta kafe, direba na ta juya ta daga D zuwa R, man ya ƙone nan take. Gara a sauka a haƙe yashin.

A duba man. Sabo ja ne. In ya koma baƙi yana warin ƙuna, faifai sun fara ci. In ya yi kamar an zuba mishi madara, ruwan radiyeta ya shiga, kada a ƙara tada motar. A Toyota mai sandar awo ana dubawa ne inji na aiki, ya yi zafi, giya na kan P, a wuri mai daidai.

Jan mai da ke ɗiga ƙasa sau da yawa daga robar bakin aksil ne ko ta tiren ƙasan giya, wannan ƙaramin aiki ne. Robobin ciki kuwa sai an sauke akwatin an warware shi. Makanike na ƙwarai zai sa saitin robobi sabo gaba ɗaya, ya jiƙa sababbin faifai cikin man giya aƙalla minti 15, ya gwada kowane fistan da iska kafin ya rufe, ya canza matata, ya wanke bututun sanyaya mai. Kuma ba a wannan aikin a fili cikin ƙurar hunturu, ƙwayar yashi ɗaya na iya toshe hanyar mai.

Man da za a zuba sai wanda kamfanin ya rubuta, ko Dexron III, ko T-IV, ko WS. Baƙin man inji ba ya shiga giya ko da kuskure.

Ku da ke aiko kuɗin gyara daga waje, ku nemi a nuna muku hoton tsofaffin robobin da aka cire. In kuma motar ta mutu a hanya, ba ta tashi da turi, kuma kada a ja ta da igiya har Maraɗi: in inji na kashe famfon mai ba ya juyawa, giyar za ta ci kanta. A ɗora ta bisa babbar mota.