Murya Ɗaya da Jita Ɗaya: Tarihin Faifan "Mariama" na Boubacar Traoré

A shekarar 1990 kamfanin Stern's da ke Landan ya fitar da wani faifai mai suna "Mariama" na mawaƙin ƙasar Mali, Boubacar Traoré. Abin da ke cikinsa kaɗan ne: muryar mutum ɗaya da jitar katako marar lantarki, ba ganga, ba 'yan amshi. Mai waƙar yana da shekara 48 a lokacin, kuma wannan ne faifansa na farko, alhali kusan shekara talatin ke nan da mutanen Mali suka san muryarsa. Yadda aka yi sanannen mawaƙi ya kai wannan shekaru ba shi da faifai ko ɗaya, shi ne abin da za mu bibiya a wannan darasi, domin amsar tana cikin tarihin siyasar Mali da na gidan rediyonta.

An haifi Boubacar a 1942 a Kayes, garin da ke bakin kogin Sanagal a yammacin Mali, kan layin dogon da ya haɗa Dakar da Bamako. Laƙabinsa, Kar Kar, a filin ƙwallo ya samo shi saboda gwanintarsa ta yanka. Ba ɗan gidan maroƙa ba ne. A al'adar Mande kiɗa da waƙa sana'ar gado ce ta waɗanda ake kira jeli, kamar yadda muka san gidajen makaɗa a ƙasar Hausa. Jita kuwa baƙuwa ce, ba ta da gida, don haka ta buɗe ƙofa ga samarin da ba su gaji kiɗa ba. Boubacar ya ɗauke ta yana saurayi, ya riƙa kaɗa ta da salon da kunnensa ya saba ji a yankin Khasso, inda Kayes take.

Mali ta sami 'yancin kanta ranar 22 ga Satumba, 1960, ƙarƙashin Modibo Keita, wanda ya ɗora ƙasar kan tafarkin gurguzu. Gwamnatinsa ta ɗauki al'adu a matsayin aikin gina ƙasa: ta kafa ƙungiyoyin kiɗa na jihohi, ta shirya gasannin matasa, ta mai da rediyo babbar hanyar magana da talakawa. A cikin wannan yanayi ne Boubacar ya naɗi waƙoƙinsa a gidan rediyon Mali a 1963, ciki har da "Mali Twist", wadda ke kira ga 'yan ƙasa su tashi su gina ƙasarsu. An riƙa sa ta da sassafe, har ta zama kamar carar zakara ga mutanen Bamako. Samari suka ɗauke shi gwarzo, suna kwatanta shi da taurarin kiɗan Amurka da Faransa na zamanin.

Sai dai farin jinin bai zo da ko sisi ba. Waƙoƙin suna kan tef ɗin gidan rediyo, gidan rediyon kuwa na gwamnati ne. Ba a buga su a faifai ba, balle a sayar, balle a ba shi kaso. Maroƙi na gado yana da ubangidan da zai yi masa kyauta. Ma'aikacin ƙungiyar kiɗa ta gwamnati yana da albashi. Boubacar bai faɗa cikin ko ɗaya ba. Ya yi suna, amma abin da ya yi sunan da shi yana hannun wasu.

Illar haka ta bayyana ranar 19 ga Nuwamba, 1968, sa'ad da sojoji ƙarƙashin Laftanar Moussa Traoré suka kifar da Modibo Keita. Sabbin masu mulki sun ɗauki Boubacar a matsayin muryar gwamnatin da suka ture, sai waƙoƙinsa suka ɓace daga rediyo. Da yake ba shi da faifai a kasuwa ko a gidajen mutane, rufe masa wannan ƙofa guda ya isa ya shafe shi. Kiɗan Mali ya ci gaba da bunƙasa ba tare da shi ba: a 1970 aka kafa Rail Band a otal ɗin tashar jirgin ƙasa ta Bamako, inda Salif Keita da Mory Kanté suka yi fice. Shi kuwa ya koma neman abinci da ɗinki da ƙaramin kasuwanci da noma, kusan shekara ashirin, har da yawa suka zaci ya rasu.

A 1987 ya bayyana a talabijin ɗin Mali, mutane suka sha mamaki. Murnar ba ta daɗe ba, domin a 1989 matarsa Pierrette ta rasu ta bar shi da yara. Ya tafi Faransa, ya shiga aikin leburancin gini kamar dubban 'yan yankin Kayes da suka riga shi zuwa can, yana aika abin da ya samu gida. Yana cikin wannan hali ne kaset ɗin waƙoƙinsa da aka naɗa a Bamako ya isa Landan, aka neme shi, aka fitar da "Mariama".

Don a fahimci nauyin faifan, sai a duba kasuwar da ya shigo. A 1987 Salif Keita ya fitar da "Soro", wanda aka haɗa a Paris da na'urorin zamani da tarin makaɗa, kuma a daidai wannan lokaci "Yéké Yéké" ta Mory Kanté ta cika gidajen rawa na Turai. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne, kiɗan Afirka ba zai ƙetare teku ba sai an yi masa ado. "Mariama" ya zo babu adon. Ana jin yatsa a kan tsirkiya, ana jin muryar dattijo a natse, mai ɗauke da juyayi. Tare da faifan Ali Farka Touré da kamfanin World Circuit ya fitar a ƙarshen shekarun 1980, ya nuna cewa akwai masu saurare ga jitar Mali ita kaɗai.

Turawa sun yi saurin kiran wannan salo da sunan bulus, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, saboda kamannin da suka ji. Kamannin gaskiya ne, amma ya kamata ɗalibi ya yi hattara da sunan, domin tushen kaɗin Boubacar yana Khasso. Haka kuma kaɗaicin mawaƙi da kayan kiɗa guda ba sabon abu ba ne a yankinmu. Wanda ya saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya san yadda ƙarancin kayan kiɗa ke tilasta wa kunne bin magana. Bambancin shi ne, kaɗaicin da ke cikin "Mariama" tarihi ne ya haife shi: muryar da a 1963 ta yi magana da yawun ƙasa baki ɗaya, a 1990 ta dawo tana magana da yawun mutum guda.

Bayan wannan faifai, Boubacar ya fitar da "Kar Kar" a 1992, ya zaga Turai da Amurka, kuma a 2001 Jacques Sarasin ya shirya fim a kan rayuwarsa. Shi dai ya yi sa'a, kaset ɗaya ya tsira ya kai inda za a ji shi. Wannan ne ya sa nake jan hankalin masu nazarin waƙar Hausa: da yawa daga cikin mawaƙanmu na shekarun 1960 da 1970 ta rediyo kaɗai aka san su, kuma tef ba ya jure zafi da ƙura har abada. Duk ɗalibin da ke neman batun bincike, ya fara da tambayar abin da ya rage a ma'ajiyar gidan rediyon garinsu, da sunayen waɗanda muryoyinsu ke ciki.