Tarihin Horon Neman Ƙwarewa na Masu Harhaɗa Magunguna a Sashen Je-ka-ka-dawo

Horon neman ƙwarewa na masu harhaɗa magunguna aiki ne na shekara ɗaya ko biyu da mutum yake yi bayan ya gama jami'a, a ƙarƙashin idon waɗanda suka riga shi gogewa, ana biyansa ɗan albashi yana koyo. Kwatankwacinsa shi ne abin da likitoci masu neman ƙwarewa suke yi a asibitocin koyarwa. Reshen da wannan maƙala ta shafa shi ne na kula da majinyatan je-ka-ka-dawo, wato waɗanda ba a ba su gado ba: mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai asma, mai shan maganin tsinka jini, duk waɗanda ake dubawa su koma gida. A Amurka tsarin ya samo asali, can ne kuma ya fi kafuwa. Wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa aikin ne ya riga horon, horon kuma ya daɗe a maƙale da gadon asibiti bayan nauyin cuta ya koma gidajen mutane.

An fi danganta farkon wannan horo da Harvey Whitney na asibitin Jami'ar Michigan, wanda tun wajen farkon shekarun 1930 yake ɗaukar sababbin masu harhaɗa magani yana koya musu aiki. Abin da ake koyarwa a lokacin bai wuce tafiyar da ɗakin magani ba: sayo kaya, adana su, haɗa ruwan allura da man shafawa, riƙe lissafi. A 1942 aka kafa ƙungiyar masu harhaɗa magunguna na asibitoci, wadda aka fi sani da ASHP, Whitney ne kuma shugabanta na farko. Ta fitar da ƙa'idojin horo a 1948, a 1962 kuma ta kafa tsarin tantance shirye-shiryen da ba su shaida. Tun da ƙungiyar ma'aikatan asibiti ce ta raini abin, ba mamaki da ya tashi da kamannin asibiti. Shi kuwa mai harhaɗa magani na cikin gari, wanda ya fi kowa haɗuwa da majinyaci ido da ido, an ɗaure masa baki. Dokar Durham-Humphrey ta 1951 ta ware magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita, sannan kundin ɗa'ar sana'ar na 1952 ya hana shi tattauna amfanin magani ko abin da ya ƙunsa da wanda ya kawo takardar. Idan an tambaye shi, ya ce a koma wurin likita. Sai a 1969 aka cire wannan hani. Babu yadda za a horar da mutum kan aikin da aka haramta masa.

Masu ɓalle wannan ɗauri ba su jira izini ba. A 1960 Eugene White, wani mai kantin magani a garin Berryville na jihar Virginia, ya kwashe tarkacen kasuwanci daga kantinsa, ya mayar da shi kamar ofis, ya fara ajiye katin magungunan kowane majinyaci. A 1966 Jami'ar California da ke San Francisco ta kai masu harhaɗa magani hawa na tara na asibitinta, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci da ma'aikatan jinya. Wannan gwaji na biyu shi ne ya yi suna, shi ne kuma ya ja hankalin makarantu zuwa ɗakunan kwanciya. Amma ainihin tushen aikin je-ka-ka-dawo yana wani wuri da ba a cika waiwaya ba, wato hukumar lafiya ta 'yan asalin Amurka, masu zaune a yankuna masu nisa da ƙarancin likitoci. A can, tun shekarun 1960, ba 'yar takarda ake miƙa wa mai harhaɗa magani ba, fayil ɗin majinyacin ne gaba ɗaya, ya karanta ya ga abin da ke damunsa da sakamakon gwajinsa. Aka yi musu ɗakunan ganawa a keɓe maimakon taga. Daga nan ne aka samu dabarar tambayoyi uku da makarantu suke koyarwa har yau: a tambayi majinyaci me likita ya ce maganin yake yi, yaya ya ce a sha shi, me kuma ya ce a sa ran gani. Hikimar ita ce a bar mutum ya yi magana da bakinsa, domin ta haka ake gano inda ya yi kuskuren fahimta. A shekarun 1970 hukumar ta kai ga horar da wasunsu su duba ƙananan cututtuka da kansu. Haka ma asibitocin tsofaffin sojoji, waɗanda a tsakiyar shekarun 1990 suka ba ƙwararrun masu harhaɗa magani ikon rubuta magani a cikin iyaka. Ba katari ba ne a ce wuraren biyu duk na gwamnatin tarayya ne, ma'aikatansu 'yan albashi, fayil ɗinsu ɗaya: ba wanda yake ganin an taɓa masa abinci idan wani ya duba majinyaci.

Dalilin da ya sa wannan reshe yake buƙatar horonsa na kansa yana cikin bambancin gado da gida. Wanda aka kwantar, ma'aikaciyar jinya ce take kawo masa ƙwaya a kan lokaci, ana auna jininsa kullum, idan an yi kuskure da safe za a iya kama shi kafin dare. Na je-ka-ka-dawo kuwa, minti ashirin ko talatin ake samu da shi, daga nan ya tafi sai bayan makonni. A ɗauki mai shan warfarin, maganin tsinka jini da yake cikin na farko da masu harhaɗa magani suka riƙe asibitocinsa. Ana ɗiso jini daga yatsarsa a auna, ana son awon ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga yawancin mutane. In ya yi ƙasa jini ya daskare, in ya yi sama ya tsinke. To yau awo ya nuna 4. Littafi zai ce a rage magani. Wanda ya goge zai fara da tambaya: ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta a wani wuri, ko ya daina cin alayyafo da sauran ganye da ya saba, ko ya rikita ƙwayoyin ya sha biyu, ko zawo ya yi. Kowace amsa da matakinta. Irin wannan basira ba a samunta a aji, sai an ga mutum ɗaya sau biyar, sau goma, an yanke shawara an kuma ga abin da ta haifar, ga kuma babba a kusa da zai ce nan ka yi gaggawa.

Doka da hukumomi sun biyo baya a hankali. Jihar Washington ta halatta yarjejeniyar aiki tsakanin likita da mai harhaɗa magani a 1979, sauran jihohi suka riƙa bi. A 1990 Charles Hepler da Linda Strand suka wallafa maƙalar da ta ɗora wa sana'ar alhakin sakamakon magani, ba miƙa shi kaɗai ba. Daga 1997 birnin Asheville ya fara biyan masu harhaɗa magani su riƙa bibiyar ma'aikatansa masu ciwon sukari. Daga 2000 digirin dakta ya zama ƙofar shiga sana'ar, dokar 2003 ta Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, kuma ta kawo hidimar bitar magungunan tsofaffi daga 2006. A 2005 ASHP ta raba horon gida biyu, shekarar farko ta gama-gari da ake kira PGY1, da ta biyu ta ƙwarewa, PGY2, wadda kula da majinyatan je-ka-ka-dawo yake cikin manyan rassanta. Hukumar ba da shaidar ƙwarewa ta amince da fannin a 2009, aka yi jarrabawar farko a 2011.

Akwai masu cewa wanda ya yi digirin dakta bai kamata a sake zaunar da shi ba. Amma ɗalibi yana zagaya sassa ne makonni kaɗan-kaɗan, ba ya sa hannu, ba ya ɗaukar alhaki, kuma da wuya ya ga majinyaci ɗaya sau biyu. Akwai kuma likitocin da suke ganin shiga gonarsu ake yi. Amsa mafi ƙarfi ita ce binciken da Ronald Victor ya jagoranta a Los Angeles, aka wallafa a 2018. A shagunan aski 52 na baƙar fata, an raba maza masu hawan jini gida biyu: wasu mai aski ya ƙarfafa musu gwiwar ganin likita, wasu kuma mai harhaɗa magani ya same su a shagon ya rubuta musu magani bisa yarjejeniya da likitocinsu. Bayan wata shida, awon sama na hawan jinin rukunin farko ya sauka da kimanin 9, na biyun da 27. Likitan bai rasa kowa ba, an dai kai magani wurin mutanen da ba sa zuwa wurinsa. Sai dai adalci ya sa a faɗa cewa wannan ya tabbatar da amfanin aikin mai harhaɗa magani ne, bai tabbatar da cewa horon neman ƙwarewa kaɗai ne yake bayar da shi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi da gurbi, kuma ba a warware shi ba. A 2006 da 2007 manyan ƙungiyoyin sana'ar suka ɗauki matsayar cewa zuwa 2020 duk wanda zai kula da majinyaci kai tsaye ya kamata ya yi wannan horo. 2020 ta zo ta wuce ba a mayar da shi sharaɗin lasisi ba, kuma duk shekara ana barin masu nema da yawa ba gurbi, ga bashin karatu a wuyansu. Tallafin da Medicare take bayarwa yana tafiya ne ga shirye-shiryen da asibiti yake gudanarwa, tun 2003 kuma aka janye shi daga shekara ta biyu, wadda a cikinta ne ake ƙwarewa kan je-ka-ka-dawo. Ƙari a kan haka, dokar Medicare ba ta sa mai harhaɗa magani cikin ma'aikatan da ake biya kai tsaye don ganin majinyaci ba. Saboda haka ƙaramin asibitin karkara, inda aka fi buƙatar irin wannan ma'aikaci, shi ne mafi ƙarancin halin horar da shi ko riƙe shi bayan ya gama.