Sad Hill: Maƙabartar da Aka Haƙa Domin Fim

A lardin Burgos da ke arewacin Sifaniya, tsakanin ƙauyen Contreras da garin Santo Domingo de Silos, akwai wani kwari mai suna Mirandilla. Kafin 1966 wurin kiwo ne kawai. A wannan shekarar Sergio Leone, mai shirya fim ɗan Italiya, ya iso da jama'arsa domin ɗaukar ƙarshen The Good, the Bad and the Ugly, fim ɗin kaboyin da Clint Eastwood da Lee Van Cleef da Eli Wallach suka fito suna farautar zinariyar dala 200,000 da aka binne a wani kabari lokacin yaƙin basasar Amurka.

Leone na son maƙabarta wadda ido ba zai kai ƙarshenta ba. Carlo Simi ya zana ta: da'irar duwatsu a tsakiya, kaburbura na kewaye da ita zobe bayan zobe. Waɗanda suka yi aikin ƙarfin kuwa sojojin Sifaniya ne na zamanin Janar Franco, samari da aka kwaso daga bariki, suka tara ƙasa, suka kafa gicciye dubbai. Su ne kuma suka sake gina gadar da aka yi domin fim ɗin a kan kogin Arlanza bayan an tashi nakiyarta kafin a shirya kyamarori. Ni dai duk lokacin da aka yabi Leone da kiɗan Ennio Morricone, waɗannan samarin nake tunawa, domin guminsu ne ke ƙarƙashin wannan fage da duniya ta haddace, inda mutum uku ke tsaye suna kallon-kallo, hannu kusa da bindiga, ba mai cewa uffan.

Mu da muka taso muna jin iyayenmu na labarin fina-finan kaboyi na gidajen silima a Kano, mun ɗauka duk a Amurka ake yin su. Ashe wannan fagen ƙasar Sifaniya ne.

Da aka gama ɗauka aka watse. Katakon ya ruɓe, ciyawa ta rufe kaburburan, ƙasa ta binne da'irar har kusan shekara 49. Sai a 2015 wasu mazauna yankin, ƙarƙashin ƙungiyar da suka sa wa sunan Sad Hill, suka ɗauki fartanya da shebur suka fara tono. Labari ya bazu, masu sa-kai suka riƙa zuwa ranakun hutu daga Faransa da Italiya da sauran wurare. Ba wanda ya biya su. Kuɗin katako ma da karo-karo aka tara: ka ba da Yuro 15, a rubuta sunan da kake so a jikin gicciye. Wannan ne ya fi taɓa ni. Mutum ya bar gidansa, ya yini a sunkuye yana kankare ƙasa daga kan dutse, don kawai ya taɓa kallon fim ɗin tare da mahaifinsa ko abokinsa.

A Yulin 2016, cikar fim ɗin shekara 50, aka kafa majigi a wurin, dubban mutane suka kalle shi a inda aka ɗauke shi. Leone bai gani ba, ya rasu tun 1989, Wallach kuma a 2014. Morricone da Eastwood sun yi magana a fim ɗin tarihin aikin tonon da Guillermo de Oliveira ya fitar a 2017. Disambar 2026 ce ke cika shekara 60 da fara nuna fim ɗin a Italiya.