Zoɓo: Jan Ruwan Da Ya Tashi Daga Gefen Gona Ya Kai Meziko

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da duwatsun Dutse ke ɗaukar zafi tun hantsi su riƙe shi har bayan isha'i, babu sana'ar cikin gida da ke ci a unguwar Yalwawa kamar ta zoɓo. Matan aure ne ke dafawa, su tace, su ɗura a robobi ko su ƙulla a leda, yara su fita da shi cikin kula zuwa bakin titi da tasha da ƙofar makarantu. Idan azumi ya faɗo a wannan tsakani, kamar yadda ya yi a 'yan shekarun nan, da wuya a shimfiɗa tabarmar buɗa-baki babu shi a kai. Arharsa da yawansa sun sa ba a ɗaukarsa a bakin komai. Amma tarihinsa ya ratsa gonakin ƙasar Gumel, da jiragen bayi, da kasuwannin ƙasashen da yawancin masu nomansa ba su taɓa jin sunansu ba.

Mutanen Sifaniya su ma suna da wani jan abin sha na lokacin zafi da suke kira sangiriya. Jar giyar inabi ce ake zubawa a tulu, a yanyanka lemon zaƙi da lemon tsami da tuffa da duk ɗan itacen da ke yayi, a sa sukari, a bar shi wasu sa'o'i ya jiƙu, sannan a sha da ƙanƙara. Ya yi suna a Amurka bayan an shayar da shi a rumfar Sifaniya a bajekolin duniya na birnin New York a 1964. A 2014 kuma Tarayyar Turai ta kafa doka cewa wanda aka haɗa a Sifaniya ko Fotugal ne kawai za a sayar da wannan suna tsurarsa. Mu dai ba abin shanmu ba ne. Giya ce, addini ya haramta ta, Jihar Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Sai dai dabarar da ke cikinsa, wato jan ruwa mai tsami, da 'ya'yan itacen lokaci, da zaƙi, da sanyi, duk muna da ita a zoɓo, babu maye. Wani abin lura ma shi ne, lemon tsami da rake sun yaɗu a Sifaniya ne a hannun Musulmin Andalus, waɗanda suka yi mulki a sassan ƙasar daga 711 zuwa 1492.

Tsiron da ke ba da zoɓo shi ne yakuwa, wadda Sakkwatawa ke kira sure. Masana tsirrai sun fi karkata ga cewa asalinta Afirka ce, a wannan shimfiɗa da ta taso daga Sudan ta ratso ƙasar Hausa zuwa Senegal. Ba ta da tsirfa. Tana yi a jigawa, tana jure ƙarancin ruwa, shi ya sa tun da can ake zagaye gonar gero ko ta gyaɗa da ita a matsayin iyaka, sau da yawa ma rabon matan gida ce. Kuma babu abin yarwa a jikinta. Ganyen na miya ne da fate. 'Ya'yan, wato gurguzu, da su ake daddawar batso. Kwanson da ke rufe 'ya'yan shi ne zoɓorodo, akwai ja, akwai fari da ake sa wa miya. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya sanya yakuwa a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916.

Daga Afirka ta Yamma irin ya ƙetara teku a zamanin cinikin bayi. Har yau a tsibirin Jamaika, jikokin waɗancan bayi suna dafa shi da citta a lokacin Kirsimeti, kuma bikin bai cika ba sai da shi. A Meziko ana shan sa kullum da abincin rana, ana sayar da shi a manyan tulunan gilashi a bakin hanya. Alhazanmu da suka bi ta Sudan, ko ɗalibanmu na Masar, sun san shi da karkade. A Senegal bisap ne, a Gana sobolo.

A gida kuwa, dattawa za su gaya maka cewa a da an fi sanin yakuwa a tukunyar miya fiye da a kofi. Abin sha na yau da kullum fura ce da nono, da kunun tsamiya, da koko, da farau-farau. Zaƙi kuma sai zuma ko mazarƙwaila, waɗanda ba kowa ke samu kullum ba. Zoɓo mai sanyi da muka sani yanzu sai da abubuwa suka haɗu masa: sukari ya wadata a kanti, lantarki ya kawo firji da ƙanƙara, leda ta zo ta sauƙaƙa ƙulli. Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya ƙara masa kasuwa, domin darajar Naira ta faɗi, lemon kwalba ya fi ƙarfin talaka, mata kuma suna neman abin da za su tallafi gida da shi ba tare da sun fita ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birni, sai ma'aikata suka kwararo, unguwanni irin su Yalwawa suka cika suka batse. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011 da dubban ɗalibai masu ƙishi da ƙaramin aljihu. Gidaje da yawa a wannan gari da ribar zoɓo aka sayi littattafan makaranta da kayan ɗakin 'ya'ya mata.

Haɗin da ya amsa sunansa ba ya son gaggawa. Da farko a wanke busasshen zoɓon da ruwan sanyi, sau biyu ko uku, saboda a ƙasa ake shanya shi kuma yashi ne babban abokin gabarsa. A zuba a tukunya da ɓawon abarba da aka wanke tas, da dakakkiyar citta, da kanumfari kaɗan, mai son yaji ya ƙara masoro. Ba a barin sa ya yi ta tafasa, domin doguwar wuta tana kashe ƙamshi ta fito da ɗaci. Tafasa ɗaya zuwa biyu, a sauke, a rufe, a bar shi ya huce da kansa. Wasu ma ba sa ɗora shi a wuta sam, jiƙa shi suke yi ya kwana. Bayan an tace sai zaƙi. A nan mutanen Dutse suna da gata, tunda garin dabino ne, har da tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a cikinsa: a jiƙa dabino, a cire ƙwallo, a markaɗa, a tace a ciki, sai buƙatar sukari ta ragu ƙwarai. Daga nan a yanka kankana da abarba da lemo ƙanana-ƙanana, da kokwamba, da mangwaro idan bai nuna ya yi luguf ba, a zuba, a sa a sanyi na wasu sa'o'i kafin a sha. Wannan zaman da 'ya'yan itacen ke yi a ciki shi ne sirrin, kuma shi ne abin da mai sayarwa da ke sauri ke tsallakewa, ta maye gurbinsa da garin ɗanɗano na leda da kala. Ni a ganina wannan ba zoɓo ba ne, jan ruwan sukari ne. Masu jefa kanwa don rage tsami kuma su sani ita ce ke juya launinsa daga ja zuwa baƙi-baƙi.

Akwai iyaka da kowace mai sana'a ta sani. Zoɓon da aka sa wa zaƙi da 'ya'yan itace, idan ya kwana biyu a zafin bazara babu sanyi, sai ya fara kumfa, roba ta kumbura, warinsa ya sauya. Ya kama hanyar zama abin da aka hana ke nan. Malamai suna kawo misalin jiƙon dabino ko zabibi da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba ya shan sa bayan kwana uku. Wanda ya fara kumfa, zubarwa ake yi.

Likitoci ma sun waiwaye shi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya nuna cewa kofi uku na shayin zoɓo a kullum na tsawon mako shida ya rage hawan jini ga waɗanda nasu bai yi tsanani ba. Wannan ba izinin ajiye maganin asibiti ba ne, kuma ba da tulin sukari aka yi gwajin ba.

Yau yakuwa ta bar gefen gona ta koma tsakiya. Jigawa tana sahun gaba a noman zoɓo a Nijeriya, musamman yankin Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar, Gagarawa da Ɓaɓura. Ana shuka da damina, a yanke da kaka, mata da yara su zauna su ɓare kwanson ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke sa hannu ƙaiƙayi saboda ƙananan ƙayoyin jikinsa, sannan iskar hunturu ta busar. A kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, namu yana haɗuwa da wanda aka shigo da shi daga Nijar. Daga nan sai ɗakunan ajiya na Kano, sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Meziko ce babbar mai saye, Jamus da Amurka kuma suna sa shi a shayin ganyayyaki. Shayin Red Zinger da ya fito a Amurka a 1972 da zoɓo ya samu jansa. Hatsarin dogara da mai saye ɗaya ya bayyana lokacin da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya saboda ƙwarin ajiya da aka gano a kaya. Farashi ya faɗi, buhuna suka yi kwantai, kuma sai da aka yi shekaru ana tattaunawa, aka amince da tsarin feshin kaya kafin lodi, sannan ƙofa ta sake buɗewa.

Abin da ke damuna shi ne har yanzu a buhu muke sayarwa. Manomin Gagarawa da matar da ta ɓare da hannunta su ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo, wanda ya niƙa ya ƙulla a 'yar takarda a Turai shi ke kwashe riba. Sifaniya ta kai abin shanta har majalisar Tarayyar Turai don kare sunansa, mu kuwa ko tabarmar shanya mai tsabta ba ta wadaci ƙauyukanmu ba. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa yankin sarrafa kayan fitarwa a Maigatari, kuma irin wannan aiki aka yi shi dominsa. Ya kamata gwamnatin jiha da attajiran Jigawa su sa kuɗi a wurin shanya da tacewa da ɗurawa a kwalba, jami'ar Dutse ta koya wa matan Yalwawa yadda zoɓonsu zai yi makonni bai lalace ba, hukumar NAFDAC kuma ta sauƙaƙa musu rajista.