Yadda ake gane tayar mota ta gama aiki, ko da zanenta bai sude ba

Wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Marwa a watannin Maris da Afrilu ya san guntayen baƙar robar da ke zube a gefen kwalta. Ragowar tayoyi ne da suka fashe ana cikin gudu. Figil, mai nisan kimanin kilomita 90 daga Garwa a yankin Mayo-Louti, tana kan wannan hanya ta ƙasa mai lamba 1, kuma babu irin motar da ba ta ratsa ta: tirelolin siminti daga masana'antar Cimencam, motocin audugar Sodecoton, manyan motocin da suka taso daga kudu za su Kusiri da Njamena, ga motocin fasinja da masu karkata zuwa Lere a Cadi. A wannan lokaci zafin Garwa yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba.

Yawancin direbobi da abu ɗaya suke auna taya, wato zanen da ke samanta. In zane na nan, sai a ce da sauranta. Wannan ma'auni ya fi dacewa da ƙasashe masu sanyi da hanyoyi masu kyau, inda taya ke cinyewa a hankali har ta sude. A arewacin Kamaru da Cadi da Nijar da arewacin Najeriya, zafi da tsufa da lodi sukan kashe taya tun zanenta yana da kyan gani. Saboda haka duba zane rabin aiki ne, sauran rabin yana gefen taya.

Zurfin zane

Ramukan da ke jikin taya hanyoyin ruwa ne. Aikinsu su kore ruwan da ke tsakanin roba da kwalta. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zurfin kusan milimita 8. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana hawa titi da tayar da zurfinta bai kai milimita 1.6 ba, kuma masana'antu sun sa alamar wannan iyaka a jikin tayar kanta. In ka leƙa cikin manyan ramukan za ka ga wasu 'yan tudun roba da suka gitta daga gefe zuwa gefe. A kafaɗar taya akwai haruffan TWI ko ƙaramin alwatika da ke nuna inda suke, a tayoyin Michelin kuma hoton ɗan mutumin nan ne na kamfanin. Ranar da saman taya ya yi daidai da waɗannan tudu, aikinta ya ƙare.

Milimita 1.6 iyaka ce ta ƙarshe, kuma mai bin hanya da damina bai kamata ya jira ta ba. Masana da yawa suna ba da shawarar canji a milimita 3. Ruwan Agusta yakan kwanta a kan titi, kuma idan ramuka sun gaza kore shi, tayar takan hau kan ruwan ta bar ƙasa. Direba zai ji sitiyari ya yi sakayau, ya taka birki mota ta ci gaba da tafiyarta. Wanda ba shi da na'urar awo ya tsoma tsinken ashana a ramin, ya kama iyakar da farce, ya gwada a rular ɗan makaranta. A auna wurare uku: waje, tsakiya da can ciki, domin gefen ciki ne ke sudewa ba a gani.

Yadda tayar ta cinye ma yana ba da labarin motar. Idan gefe biyu suka cinye tsakiya na nan, an daɗe ana tafiya da ƙarancin iska. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Gefe ɗaya kaɗai kuwa saitin ƙafafu ne ya goce, abin da makanikai a Kamaru ke kira parallélisme, kuma rami ɗaya mai kyau ya isa ya jawo shi. In ka shafa hannu ka ji tudu da kwari a jere, a duba shakazoba da daidaiton nauyin ƙafar. Sa sabuwar taya ba tare da gyara waɗannan ba asarar kuɗi ce, don ita ma haka za ta cinye cikin 'yan watanni.

Ranar haihuwar taya

Kowace taya tana ɗauke da ranar da aka yi ta. A gefenta akwai jerin haruffa da lambobi da galibi ke farawa da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda sau da yawa ke cikin ɗan kewaye, su ne abin nema. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, don haka in ba ka gan ta a waje ba sai ka leƙa ta ciki. Wadda ke da lambobi uku kacal an yi ta ne kafin shekarar 2000, kuma wannan sai dai a yanka ta a yi takalmi ko guga.

Roba tana tsufa ko ana tafiya da ita ko tana ajiye. Iska tana ratsa ta, ta bushe, ta yi tauri, danƙon da ya haɗa ta da wayoyin ƙarfen ciki ya yi rauni. Zafi yana hanzarta wannan. Michelin yana cewa taya in ta shekara 5 a riƙa kai ta wurin ƙwararre duk shekara, in ta kai 10 a cire ta komai kyanta. Wasu kamfanonin mota, ciki har da Ford, shekara 6 suka yanke. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta fi kowa tsanani, domin ta daɗe tana shaida wa direbobi cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka yi ta. Mai shiga Mubi ko Yola da mota ya san da wannan, don jami'anta sukan durƙusa su karanta lambar. A ganina, motar da ke kwana ta wuni a rana a Figil ko Gidar ta fi kusa da lissafin shekara 5 zuwa 6 fiye da na shekara 10.

Amurka ta koyi darasin zafi da tsada. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer, bayan saman tayoyin ya riƙa ɓarewa ana cikin gudu, motoci suna kifewa, mutane suna mutuwa. An fi samun haɗurran a jihohin kudu masu zafi. Tayoyin nan ba sudaɗɗu ba ne, daga ciki suka rabu.

Abin da ba ya jiran gobe

Ƙari ko kumburi a gefen taya, ko da bai fi ƙwan kaza ba, yana nufin zaren ciki ya tsinke, iska ce kaɗai ke tura fatar roba. Yawanci faɗawa rami ko bugun dutse ke kawo shi. Ba a gyara shi. Akwai masu faci da za su liƙa wani yanki daga ciki ko su zura tiyub su ce ya yi, amma zaren da ya tsinke ba ya haɗuwa. Haka tsagewa: 'yan ƙananan layuka irin na faso a saman fata alama ce ta fara tsufa, a sa ido. Idan tsagar ta yi zurfi har farce na shiga, ko ta bi cikin ramukan zane tana zagayawa, a sauke tayar. Waya ko zare da ya leƙo waje ba ya buƙatar bayani.

Faci yana da iyakarsa. Hudar ƙusa a saman taya, in ba ta wuce milimita 6 ba, ana iya gyara ta da kyau idan an cire tayar an liƙa daga ciki. Huda a kafaɗa ko a gefe ba ta gyaruwa, domin wurin yana lanƙwasa a kowane juyi. Tayar da aka yi tafiya da ita babu iska, ko da ta 'yan kilomita ce, a buɗe ta a duba. In an tarar da garin baƙar roba a ciki, gefenta ya niƙe. Sannan girgizar da ta ɓullo rana tsaka, ko mota ta fara rangaji a ƙaramin gudu, sau da yawa alama ce cewa saman taya ya fara rabuwa da jikinta.

Tayoyin okaziyon

Gaskiyar kasuwa ita ce mutane da yawa ba sa iya sayen sabuwa, sai ta hannu, wadda a Kamaru ake ce wa okaziyon, a Najeriya kuma tokumbo ko Beljiyom. Najeriya ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, amma kowa ya san suna kasuwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, sai dai wanda aljihunsa ya tilasta masa yana da abubuwan da zai duba kafin ya biya.

Na farko ranar haihuwa. Idan an goge lambar ko an kankare wurin, a bar ta. Na biyu, a nemi hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiya. Wannan tayar hunturu ce ta Turai, robarta mai laushi ce da aka yi don sanyi, kuma takan zo da zane mai zurfi da ke jan ido. A kwaltar Afrilu tana cinyewa da sauri, birki kuma yana tsawo. Wasu tayoyin suna ɗauke da darajar jure zafi, A ko B ko C, a rubuce bayan kalmar TEMPERATURE. A ce ta fi ƙarfi, C ce ta ƙasa. Na uku, a sa a juya cikinta a ga faci nawa ne, kuma a ina suke. Na huɗu, a kula da zanen da aka sassaƙa da wuƙa mai zafi don sudaɗɗiyar taya ta koma kamar sabuwa. Ana yin haka bisa ƙa'ida a wasu tayoyin manyan motoci da masana'anta ta bar wa kaurin roba don haka. A tayar ƙaramar mota, wuƙar tana kaiwa gab da wayar ciki. Ana gane ta da layuka marasa daidaito da rashin tudun TWI a cikin ramin.

Akwai kuma lambar nauyi, wadda kusan ba mai karantawa. A rubutu irin 195/65 R15 91H, 91 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba. Motocin fasinja irin Hiace suna buƙatar taya mai harafin C bayan girman rim, kamar 195 R15C, wadda aka ƙarfafa don kaya. Sa wa irin wannan mota tayar ƙaramar mota don girmansu ya yi kama, sannan a cika ta da mutane a ɗora buhunan masara da albasa a sama, shi ne ke kawo fashewar da ake jingina wa ƙaddara.

Iska kuwa da safe ake auna ta, kafin a yi tafiya, kuma adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Wanda ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Wasu direbobi sukan tsaya a hanya su rage iska wai don kada zafi ya fasa taya. Geji yakan hau da kusan bar 0.3 idan taya ta yi zafi, kuma an yi ta da sanin haka. Rage iskar yana sa gefenta ya ƙara lanƙwasa, ya ƙara zafi, har ta fashe.

Idan kuɗin taya biyu kawai ake da shi, masana'antun taya suna cewa a sa sababbin a baya, ko da ƙafafun gaba ne ke jan motar, domin in baya ya zame a kan ruwa direba ba ya iya tare shi da sitiyari. Kowace ƙafa biyu da ke layi ɗaya su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Safaya ita ma a karanta lambarta a auna iskarta, don takan shekara da shekaru a but ko a ƙarƙashin mota tana shan zafi ba wanda ya taɓa ta.