Darbejiya da Mujiya a Jidda: Rukuni Ɗaya, Makoma Biyu

Duk alhajin da ya ratsa titunan Jidda ko ya tsaya a Arfa ya san darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. Baƙuwa ce a Hijaz kamar yadda take baƙuwa a Kano, domin asalinta yankin Indiya ne. A 1830 masana tsirrai suka raɗa mata suna Azadirachta indica, tana cikin dangin Meliaceae, gida ɗaya da maɗacinmu. Farar mujiya kuwa, Tyto alba, wani masani mai suna Scopoli ne ya fara bayyana ta a 1769, kuma danginta, Tytonidae, daban yake da na galibin mujiyoyi. Tana Hijaz, tana ƙasar Hausa.

A kundin IUCN, ƙungiyar da ke tantance halittun da ke gab da ƙarewa, dukansu biyu suna rukunin waɗanda ba a fargabar ɓacewarsu. A ganina wannan daidaito yana rufe ido. Kundin yana auna jinsi ne a faɗin duniya, ba ruwansa da halin da yake ciki a gari guda. Darbejiya tana da mai shuka ta da mai ba ta ruwa. Dubban da ke Arfa hannun mutum ne ya kafa su. Mujiya ba ta da mai reno. Larabawan jahiliyya sun camfa ta har sai da hadisi ya kore camfin, mu kuma muna jingina ta da maita, a jefe ta, a kai gawarta wurin masu magani. Ga gubar ɓera, wadda ke kashe ta idan ta ci ɓeran da ya sha. Yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin mujiyoyi tsakanin ƙasashe, amma ba ta hana yaro ɗaukar danƙo.

A 2021 Saudiyya ta yi shelar shuka itatuwa biliyan 10. Abin a yaba ne, sai dai dashe ba ya ba mujiya gida. Ita ba ta saƙa sheƙa. Kogon tsohuwar bishiya take nema, ko ramin tsohon gini, kuma kogo sai itace ya shekara da yawa yake samuwa. Manoman kwakwar manja a Malesiya sun daɗe suna rataya wa mujiyoyi akwatunan kwana domin su rage musu ɓeraye. Gonakin bayan Jidda da rumbunan Maraɗi za su iya yin haka da kuɗi kaɗan.